Amsa: Yaya zan gane gilashi ya gasu da kyau ba tare da na fasa shi ba?

Malam, ka tambayi yadda za ka tabbatar gilashin ƙofa da aka sayar maka gasasshe ne, wato wanda aka ƙara wa ƙarfi ta hanyar gashi (tempered). Ana iya ganewa.

A masana'anta ana zafafa gilashin zuwa kusan digiri 620, sannan a hura masa iska mai sanyi ta fuska biyu. Fatar waje ta riga daskarewa, cikin kuma ya huce daga baya yana janyo ta. Sai waje ya kasance a matse, tsakiya a ɗame. Matsin fatar ya kai kusan ninki biyu na jan da ke tsakiya, kuma yana shiga kimanin kashi 21 cikin 100 na kaurin ta kowane ɓangare. Shi ya sa ba ya yankuwa: da zarar tsaga ta isa tsakiya, duka zai tarwatse.

Gwaji mafi sauƙi: sa tabarau mai tace haske (polarized), irin na direbobi, ka duba gilashin da rana ta gefe. Za ka ga tabo-tabo ko layuka masu duhu, sawun bututun iskar ne. Amma wannan alama ce kawai, ba awo ba. Awo na gaskiya sai da na'ura irin GASP da ake ɗorawa a fuskar gilashin don auna matsin fatarsa. Ƙa'idar ASTM C1048 ta Amurka tana neman matsin fata aƙalla MPa 69 (MPa ma'aunin matsi ne).

Ni dai shawarata, idan da yawa za ka saya, sadaukar da guda ɗaya: fasa shi ka ƙirga ɓarɓashin. Ƙa'idar Turai EN 12150 ta ce gilashi mai kaurin milimita 4 zuwa 12 ya ba da aƙalla ɓarɓashi 40 a cikin murabba'in santimita 5 sau 5. In ka ga dogayen tsini, kada ka sa shi inda yara ke wucewa.