Maki 15 a ajin siziyem da 13 a turwaziyem: wa ya cancanci tallafin?

Tambaya: Malam, ni malami ne a Garwa, ƙasar Kamaru. Ƙungiyar iyayen yara za ta biya wa ɗalibi ɗaya kuɗin makaranta, kuma ni aka ɗora wa zaɓen. Yarinya a siziyem (ajin farko na sakandare) ta sami 15 cikin 20, matsakaicin ajinsu 13. Yaro a turwaziyem (aji na huɗu na sakandare) ya sami 13, matsakaicin ajinsu 9. An ce in mayar da makin bisa 100 in ba wanda ya fi. Ina tsoron in zalunci wani.

Amsa: Malam, tsoronka yana kan hanya, domin shawarar da aka ba ka ita ce kuskuren da nake karo da shi kullum. Idan ka ninka makin biyu da biyar, za ka sami 75 da 65, kuma ba ka gano komai ba, tun da duk lissafin da aka yi wa yaran biyu iri ɗaya, ninkawa ne ko ƙari, ba ya sauya wanda ke gaba. Abin takaici shi ne yadda wasu ofisoshi ke buga hatimi a kan wannan, alhali jarrabawar daban ce, mai gyaran takardun daban ne, kuma malamin ajin da ke shirin BEPC, wato jarrabawar da ake yi a ƙarshen turwaziyem, yakan tsuke hannu wajen ba da maki. Da haka ake hana yara masu ƙoƙari haƙƙinsu.

Abin da ya kamata shi ne a auna kowane yaro da ajinsa. Ka cire matsakaicin ajin daga makinsa, ka raba da tazarar warwatsuwar makin ajin, wato ekar-tip. A ce tazarar 2 ce a azuzuwan biyu: yarinyar ta sami 1, yaron ya sami 2. Ka ninka da 3 ka ƙara 10 don makin ya koma sikelin da iyaye suka saba da shi, sai ta tashi da 13, shi kuma 16.

Wannan 16 ɗin matsayinsa ne a cikin abokan karatunsa kawai, domin fice a aji mai rauni ya fi sauƙi. Saboda haka ka nemi makin dukan ɗaliban azuzuwan biyu, na zango uku, ka fitar da ainihin tazarar da kanka kafin ka kai wa iyayen suna.