Na warware tambayar daidai, amma ba su ɗauke ni ba. Me ya sa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan da na gama digiri a fannin kwamfuta, kuma ina rubuta manhaja da yaren kwamfuta na Python. Sau biyu wani kamfanin fasaha na ƙasar waje yana kirana intabiyu ta bidiyo. A karo na biyu har na warware tambayar da aka ba ni daidai, amma bayan kwana uku sai ga imel cewa ba su ɗauke ni ba. Ina kuskurena yake? Daga wani matashi a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da tambayarka abu ɗaya: a cikin lokacin da kuka ɗauka kuna intabiyun, minti nawa ka yi kana magana? Ina kyautata zaton ka sunkuyar da kai ka yi ta bugawa shiru har ka gama. Idan haka ne, nan gizo yake saƙar.

Manyan kamfanoni galibi suna bin matakai ne: hira gajeriya da mai ɗaukar ma'aikata, sai gwaji a shafi irin HackerRank ko Codility, sai zama da injiniya ɗaya, daga ƙarshe zama huɗu ko biyar a jere. Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, duk wanda ya yi maka tambaya sai ya je ya rubuta rahoto a kanka. A Google ma wani kwamiti ne da bai taɓa ganin fuskarka ba yake karanta rahotannin ya yanke hukunci. To idan ka yi shiru, me mutumin zai rubuta? Amsa kawai ya gani, bai ga yadda ka kai gare ta ba, kuma bai san ko haddace ta ka yi daga LeetCode, shafin atisayen irin waɗannan tambayoyi, ba.

Ga misali. An ba ka jerin lambobi, aka ce ka nemo guda biyu da idan an haɗa su za su ba da wani adadi. Kada ka taɓa madannai tukuna. Fara tambaya: lambobin za su iya zama ƙasa da sifili? Idan babu amsa fa, me zan mayar? Sannan ka faɗi hanya mafi sauƙi da bakinka, wato gwada kowace lamba da kowace, ka kuma faɗi aibinta da kanka: lambobi 1,000 kaɗai za su ci gwaji 499,500. Daga nan ka ce za ka riƙa ajiye duk lambar da ka wuce a cikin dict, wato ma'ajiyar Python da ake saurin gano abin da aka sa a ciki, ta yadda bin jerin sau ɗaya ya isa, amma za ka biya da ƙarin wurin ajiya. Sai yanzu ka rubuta. Da ka gama, gwada shi da jeri marar komai da kuma mai lamba ɗaya, kafin a ce ka yi. Kuma idan ka maƙale, faɗi inda ka maƙale. Mai tambayar yakan jefo maka ɗan haske da gangan don ya ga ko kana sauraro, domin abokin aiki yake nema.

Akwai kuma zaman da ake tambayar halayya, kuma shi ne ya fi ba ni tausayin yaranmu. Amazon, alal misali, tana da ƙa'idojin jagoranci 16 da take gina tambayoyinta a kansu. Za a ce ka ba da labarin lokacin da kuka saɓa da shugabanka, ko wani aiki da ya lalace a hannunka. Mu an tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, shi ya sa za ka ji yaro yana ta "mun yi, mun gyara", alhali shi ne ya kwana a kan aikin. Tarbiyyar tana da kyau, amma faɗin abin da ka aikata ba alfahari ba ne. Ka tanadi labarai biyar ko shida na gaskiya, kowanne ka san halin da aka shiga, abin da kai ka yi, da yadda ya ƙare.

Cikin makon nan ka samu aboki, ya ba ka tambaya, ka saita agogo, ka warware kana bayani da Turanci da ƙarfi. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara daga baya. Ranar intabiyu kuma ka cika cajin kwamfuta, ka ajiye layi na biyu mai data saboda wuta da netwok. Sannan ka mayar wa kamfanin nan amsar imel ɗinsu cikin ladabi, ka tambaye su yaushe za ka iya sake nema, don da yawansu suna karɓar mutum bayan wata shida zuwa shekara.