Tabarau na kwamfuta yana hana gajiyar ido?

Ɗan'uwa, ka ce idonka na zafi da ƙaiƙayi in ka wuni a gaban kwamfuta, shin ka sayi tabarau mai tace shuɗin haske? Kada ka yi gaggawar kashe kuɗinka. Nazarin da Cochrane, ƙungiyar da ke tattarawa da tantance binciken lafiya, ta fitar a 2023 bai ga alamar cewa irin wannan gilashin na rage gajiyar ido ba.

Galibi bushewa ce ke damunka. In mutum ya ƙura wa allo ido, ƙiftawarsa na raguwa sosai, ga fanka na busa fuska, ga ƙurar hunturu. Duk minti 20 ka ɗaga kai, ka kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Allon ya zama nisan hannu guda, ƙasa da saitin ido kaɗan.

Amma fa in ka haura shekara 40, kana miƙa wuya kafin ka ga rubutu, je asibitin ido a auna ka. Ka gaya wa likita aikin kwamfuta kake yi, don tabarau na karatu an saita shi ne kusa, allo kuwa ya fi nisa. A sa masa rufin da ke hana ƙyalli. Na bakin titi da ba a auna ba, yakan ƙara ciwon kai.