Wa ya fara cin maki a wasan Tes na kurket?

Tambaya: Malam, na fara kallon kurket a talabijin, sai na ji masu sharhi suna ambaton wani Bannerman duk sanda ɗan wasa ɗaya ya ɗauki nauyin ƙungiyarsa shi kaɗai. Wane ne shi?

Amsa: Sunansa Charles Bannerman, kuma dalilin ambatonsa wasa ɗaya ne tak. An haife shi a Ingila a 1851, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Sidni ta Ostiraliya yana ƙaramin yaro, a can ya koyi riƙe sanda.

A ranar 15 ga Maris 1877 aka fara karawa a filin Melbon tsakanin 'yan wasan Ostiraliya da tawagar Ingila da James Lillywhite ya jagoranta. A lokacin ba wanda ya kira ta Tes, wato wasan kurket na kwanaki da yawa tsakanin ƙasashe, daga baya masu tarihi suka sa ta a lamba ta ɗaya. (Wasan ƙasa da ƙasa kuwa ya riga wannan, Amurka da Kanada sun kara tun 1844.) Alfred Shaw na Ingila ne ya jefa ƙwallon farko, Bannerman ya tare ta, shi ya ci maki na farko, shi ne kuma ya fara haura ɗari.

Ga inda abin yake. Ya ci maki 165, ƙungiyar gaba ɗaya ta tashi da 245. Wanda ya bi masa a cikin abokansa, Tom Garrett, 18 ya samu. Wato kusan kashi 67 cikin ɗari na makin Ostiraliya daga sandar mutum ɗaya ya fito, kuma har yau ba a sami wanda ya wuce wannan kaso a cikakken zagayen bugu na ƙungiya a wasan Tes ba. Shi ya sa kake jin sunansa. Ingila ma ba ta iya fitar da shi ba, ƙwallon George Ulyett ce ta fasa masa yatsa a rana ta biyu, dole ya bar fili. Ostiraliya ta ci wasan da tazarar maki 45. A ganina ba don shi ba, da Turawan Ingila sun koma gida suna cewa 'yan can ba su kai ba, kuma da an daɗe ba a ɗauke su abokan karawa ba.

Abin tausayi, tauraronsa bai daɗe yana haske ba. Ya bi tawagar Ostiraliya zuwa Ingila a 1878, ya ci 133 a kan ƙungiyar gundumar Leicestershire, ya zama ɗan Ostiraliya na farko da ya kai ɗari a ƙasar. Amma wasannin Tes uku kacal ya buga, maki 239 duka, na ƙarshe a 1879. Rashin lafiya ya rage masa ƙarfi. Ƙanensa Alick, wanda aka sani da tsare gida da haƙuri maimakon bugu mai zafi, shi ya buga 28.

Bai bar kurket ba duk da haka. Ya koyar da matasa a Ostiraliya da Niu Zilan, ya yi alƙalanci a wasannin Tes 12 tsakanin 1887 da 1902. Ya rasu a Sidni a watan Agusta 1930.