Amsa ga ƙanwarmu da za a sauya wa bawul ɗin zuciya

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya. Na ga tambayarki. Kin ce likitoci sun yanke shawarar sauya miki bawul na mitral, wato marfin da ke tsakanin ɗakuna biyu na ɓangaren hagu na zuciya, ga shi ba ki daɗe da aure ba, kina son waɗanda suka shekara da shekaru da yin aikin su faɗa miki gaskiya: shin mace na haihuwa bayansa, tana iya riƙe gidanta, ko kuwa ta zama majinyaciya ke nan har abada. Ni an sauya mini wannan bawul ɗin fiye da shekara goma da suka wuce, na haihu bayan aikin, kuma har yau ni ke tafiyar da gidana. Ni ba likita ba ce. Abin da na gani a jikina da abin da likitocina suka koya mini shi zan ba ki, ke kuma ki kai shi gaban naki likitan ya tace miki.

Tun da ba a shiga da ke ba tukuna, fara da abin da ke hannunki yanzu, wato zaɓin bawul. Iri biyu ne. Akwai wanda muke kira na ƙarfe, da wani irin kabon mai tauri ake ƙera shi. Yana daɗewa ƙwarai, sau da yawa har iya rayuwar mutum, sai dai jini na son daskarewa a jikinsa, don haka dole a sha wafarin, maganin tsinka jini, kullum har ƙarshen rai. Akwai kuma na nama, wanda ake yi da tantanin da ke lulluɓe da zuciyar saniya ko da bawul ɗin alade. Shi ba ya buƙatar wafarin na dindindin, sai in akwai wani dalili daban kamar bugun zuciya marar tsari, amma yana tsufa. Shekara 10 zuwa 15 ake yawan ba shi, a jikin matashi kuwa ya fi saurin gajiya, ke nan akwai aiki na biyu a gaba. Ki kuma tambaya ko naki zai gyaru ba sai an cire shi ba, domin wani bawul ɗin gyara yake so. Aikin kansa ba sabo ba ne: tun 1960 likita Albert Starr ya dasa bawul na ƙarfe cikin nasara a Amurka, kuma mitral ne ya sauya, irin mai marfi biyu da aka fi sawa yanzu kuwa tun 1977 ake amfani da shi. Ni na ƙarfe aka sa mini kuma ban yi nadama ba. Amma da ƙanwata ce ta ciki ɗaya take tsaye inda kike, tana son 'ya'ya, sai in ce kada ta sa hannu a takarda sai ta zauna da likitan zuciya da likitan mata an yi maganar haihuwa a fili, mijinta na wurin yana ji.

Watannin farko ba zan daɗe a kansu ba, suna wucewa. Ƙashin ƙirji na ɗaukar kamar sati 6 zuwa 12 kafin ya haɗe, a wannan lokacin babu ɗaukar kaya mai nauyi. Ki rungume matashi a ƙirji duk sanda za ki yi tari. Ki yi tattaki kullum, ki riƙa ƙarawa a hankali. Wata rana za ki hau bene ki isa sama ba tare da kin tsaya neman numfashi ba, sai a lokacin za ki gane irin wahalar da kika saba da ita da.

Abin da ke raka mutum shekara da shekaru shi ne wafarin, kuma a nan nake so ki buɗe kunne. Ƙwaya ce ƙarama da ke rage ƙarfin daskarewar jini ta hanyar hana bitamin K yin aikinsa. In ta yi kaɗan, gudan jini na iya kama bawul ɗin ko ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. In ta yi yawa, jini ya zuba inda bai kamata ba. Gwajin da ke nuna inda kike shi ne INR. Na wanda ba ya shan maganin yana kusa da 1, mu masu mitral na ƙarfe kuwa galibi tsakanin 2.5 da 3.5 ake so mu tsaya, masu na aota kuma, wato bawul ɗin da ke bakin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, sau da yawa 2 zuwa 3. Da farko za a yi ta ɗibar jininki a kai a kai, in ya daidaita sai a koma kamar sau ɗaya a wata. Ina da ɗan littafi da nake rubuta kwanan wata da sakamako da adadin da aka ce in sha. Bangonsa ya yi laushi saboda yawo a jaka, amma duk likitan da na ajiye wa shi a tebur, cikin minti ɗaya ya san ni.

Lokaci ɗaya nake sha, da dare. In mutum ya manta ya tuna a ranar, ya sha. In sai washegari ya tuna, kada ya ninka. Maganar abinci kuwa an cika tsorata mutane da ita. Ba a hana ki cin ganye ba. Ganyaye masu duhun kore suna da bitamin K da yawa, abin da ake so shi ne ki ci gwargwado iri ɗaya a kowane mako, a daidaita maganin a kan yadda kike ci. Cin tuli yau, a ƙaurace masa wata guda, shi ke rikita lissafi.

Abin da ya fi abinci haɗari wasu magungunan ne. Flagyl da Septrin da fluconazole suna ɗaga INR sama, rifampicin na maganin tarin fuka yana kayar da shi ƙasa. Ibuprofen da diclofenac suna iya sa ciki ya zubar da jini, asfirin ma sai in likitan zuciyarki ne ya rubuta. Farasitamol ne abokin tafiyarmu, shi ma ba a yi ta ɗirka ba kwana da kwanaki. Duk wani jiƙo ko haɗin ganye da mai ƙaunarki zai kawo don tausayi, ki yi godiya ki ajiye, domin ba wanda ya san yadda zai yi da wafarin a jininki. Akwai lokacin da ciwon ciki ya kai ni wani wurin da ba su san ni ba, ma'aikacin ya rubuta mini Flagyl. Na ce masa ina shan wafarin, ya ɗaga hannu ya ce ba komai. Kafin in sa ƙwaya a baki na kira asibitin da ke duba jinina, suka rage mini wafarin suka ce in zo gwaji bayan 'yan kwanaki, kuma ko da ragin sai da sakamakon ya haura. Shi ya sa nake cewa ke ce mai gadin kanki, kada kunya ta hana ki maimaita magana. Haka nan in wani ya ce miki ai yanzu akwai sababbin magungunan tsinka jini da ba sa buƙatar gwaji, ki ce masa ba namu ba ne. An gwada ɗaya daga cikinsu, dabigatran, a kan masu bawul na ƙarfe, aka dakatar da binciken tun bai ƙare ba saboda gudan jini da zubar jini duk sun ƙaru, an wallafa sakamakon a 2013.

Yanzu maganar haihuwa, wadda na san ita ce ta fi damun ki. Ana haihuwa da bawul na ƙarfe, ga ni shaida, amma ciki ne mai haɗari ga uwa da ɗa, ba zan ɓoye miki ba. Wafarin na ratsa mabiyiya, yana iya taɓa halittar jariri musamman tsakanin sati na 6 da na 12, kuma haɗarin ya fi yawa ga wadda ke shan fiye da miligiram 5 a rana. Allurar hefarin, wadda ita ma ta tsinka jini ce, ba ta kai wa ga jariri, amma tsaron da take yi wa bawul bai kai na wafarin ba sai ana auna ta sosai, ga shi ciki da kansa yana ƙara wa jini saurin daskarewa. Saboda haka likitoci ke auna kowace mace da halinta. Ni an mayar da ni allura a farkon cikin, safe da yamma a fatar ciki, har wurin ya yi tabo shuɗi-shuɗi, mijina ya koyi yi mini ranar da hannuna ya ƙi. Daga baya aka dawo da ni wafarin, da aka kusa sati na 36 aka sake komawa allura, aka tsara ranar haihuwa a asibitin da ke da likitan zuciya. Na shayar da ɗiyata ina shan wafarin, wannan ba ya cutar da jariri. Abin da nake roƙon ki shi ne kada cikin ya zo muku ba shiri. Ranar da al'ada ta makara ki yi gwaji, ki kira likita a ranar, kuma kada ki daina maganin da kanki don tsoro. Kafin ku shirya, ku nemi hanyar tazara da ta dace da ke. Ƙwayoyin da ke da sinadarin estrojin ba su dace da mu ba. Akwai robar mahaifa mai sinadari da ke rage jinin al'ada, wanda dama wafarin kan ƙara shi har mace ta rasa jini ba ta sani ba. In za a ce miki ki tsaya a ɗa ɗaya ko biyu, ki saurara da kyau. Ni an faɗa mini, ya yi mini ciwo, na kuma bi.

Game da maigida da kika ce tsoro ya kama shi, ki ja shi asibiti ya ji da kunnensa. Nawa ya yi watanni yana jin tsoron ko taɓa ni, sai da likita ya ce masa wadda ke iya hawa bene hawa biyu ba haki, kuma ƙirjinta ya warke, babu abin da zai hana ta zaman aure. Dangi kuwa kashi biyu suke zama. Wasu su hana ki ɗaga ko tsintsiya, wasu su ga kin yi ƙiba kin yi kyau su ce ai kin warke, mene ne na shan magani har yanzu. Na biyun sun fi ba ni tsoro, domin da murmushi suke zuwa. Abin da ya yi mini amfani shi ne na mayar da ciwon ilimin gida. Mijina ya san lambar da ake so INR ɗina ya tsaya. Ya san baƙin bayan gida, jini a fitsari, haɓo da ya ƙi tsayawa, ko buguwa a kai ko da ba rauni a waje, duk asibiti ne ba jira. Ya san in baki ya karkace ko hannu ya mutu ko magana ta sarƙe, ba a tsayawa neman shawarar kowa. Akwai kati a jakata mai ɗauke da irin bawul ɗina da maganin da nake sha.

Bawul na ƙarfe yana ƙara, wannan ma ki sani. Ƙas, ƙas, ƙas, musamman da dare in gida ya yi shiru. Da farko ya hana ni barci, yanzu sai na kasa kunne nake jin sa. Ɗiyata tana ƙarama takan kwantar da kai a ƙirjina ta ce Umma agogonki na tafiya. Likita ya ce mini in na ji sautin ya dusashe ko ya sauya, ga kuma haki, in zo a ranar.

Sai zazzaɓi. Wannan shi ne abin da mutane suka fi rainawa. Ƙwayoyin cuta na iya shiga jini su zauna a kan bawul ɗin da aka dasa, na ƙarfe ko na nama, kuma ciwo ne mai kisa in an makara. Zazzaɓin da ya ƙi tafiya, gumin dare, kasala da rama ba dalili, kada a rufe su da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kan hanya. A fara ɗibar jini a shuka shi a ga ko wace ƙwaya ce, domin in an riga an sha magani sai gwajin ya fito ba komai alhali cutar na nan. Baki na daga cikin manyan ƙofofin shigarta, shi ya sa nake kula da haƙorana fiye da yadda nake yi kafin aikin. Duk sanda za a cire haƙori ko a taɓa dasashi, ana ba mu amoksisilin giram 2 kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a fara, in mutum ba ya da matsala da fenisilin. Hoton zuciya na eko ma kada ki bar shi ya wuce don kina jin garau.

Ba ki faɗi abin da ya ɓata miki bawul ba, amma da yawa daga cikinmu da aka yi wa aikin muna da ƙuruciya, ciwon makogwaro ne na yarinta da ba a yi maganinsa ba. Garkuwar jiki ta tashi yaƙar ƙwayar cutar, ta haɗa da bawul ɗin zuciya, ɓarnar ta yi ta ci a ɓoye. In naki haka ne, mai yiwuwa a ci gaba da yi miki allurar fenisilin duk sati 3 ko 4 ko bayan aikin, don kare sauran bawul ɗin. Tana da zafi, amma kada ki tsallake. Kuma in Allah ya ba ki 'ya'ya, ciwon makogwaro da zazzaɓi a jikin yaro ɗan makaranta abin kai wa asibiti ne, in an rubuta magani a shanye shi duka.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Bayan an sallame ni, kowa na murna, ni kuwa sai in shiga ɗaki in yi ta kuka ban san dalili ba, tabon ƙirjina ma ba na son kallonsa. Wannan na samun mutane da yawa bayan aikin zuciya, ba rashin godiya ba ne. In ya same ki ya ƙi sakin ki, ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗa masa ciwon ƙirji, akwai taimako. Nawa ya sake ni a hankali da na koma aikina na fara fita cikin mutane.

Kafin ranar ganin likitanki ta gaba, ku zauna da maigida ku rubuta tambayoyinku a takarda, domin a gaban likita kai kan ɗauke. Ki sa wannan a sama: in an sa mini na ƙarfe, a ina zan riƙa gwajin INR kusa da inda nake zaune, kuma wa zan kira in sakamakon ya fita daga layi? Amsar wannan tambayar na iya sauya irin bawul ɗin da ya dace da ke. In kin dawo ki faɗa mana abin da suka ce. Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashi kafaɗunki.