Amsa ga Yaya Auwalu kan sanyi da maganin ƙodar 'yan Chaina

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Yaya Auwalu, na ji saƙonka tun la'asar, ina wajen aiki ne. Ka ce ka ga bidiyon wani dattijo mai bin tafarkin Dao, wata tsohuwar aƙidar 'yan Chaina, yana cewa lokacin sanyi lokacin ƙoda ne, a ci baƙin abinci, a kwanta da wuri, kana tambaya ko gaskiya ne tunda na zauna a Chaina. To, ni na san inda maganar ta dosa. Kwalbar nan da ake ta talla, mai gyara ƙoda, ita kake so ka ji ko ka saya. Kar ka saya, Yaya. Bari in faɗa maka dalili.

Abin da dattijon ya faɗa ba daga kansa ya ƙirƙiro ba. Yana cikin tsohon littafin likitancin 'yan Chaina, Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2,000. A can farko-farkonsa aka ce watanni uku na sanyi sunansu rufewa da adanawa. Ruwa ya daskare, ƙasa ta tsage, to kai ma ka lafa. Ka kwanta da wuri, ka jira hasken rana kafin ka fita, ka guji sanyi ka nemi ɗumi, amma kada ka yi ta haɗa gumi. Har zuciyarka aka ce ka kwantar, kamar mai wani abu da ya ɓoye. Wanda ya saɓa, in ji su, ƙodarsa ya cuta, kuma idan sanyi ya wuce zai tashi jiki ba ƙwari. Kai manomi ne, ka fi ni sani. Bayan kaka an zuba hatsi a rumbu, an ware iri. Wanda ya cinye irinsa da rani, me zai shuka da damina? Maganar ke nan gaba ɗaya. Ka duba ko'ina a ciki babu inda aka ce je ka sayi kwalba.

Sannan ƙodar da suke nufi, a nan mutanenmu ke ruɗewa. Idan mai maganin gargajiyarsu ya ce shen, wato ƙoda a yarensu, ba wai wannan tsokar da likita ke auna aikinta da gwajin jini kaɗai yake nufi ba. Ma'ajiyar ƙarfin jiki yake nufi, wadda suka haɗa da ƙashi da kunne da gashi da ƙugu da gwiwa. Suka danganta ta da ruwa, suka danganta ta da baƙin launi, shi ya sa kake jin baƙin riɗi da baƙin wake. Tsarin tunaninsu ne, haka suka jera abubuwa biyar-biyar. Sai 'yan kasuwa suka ɗauki kalmar suka liƙa a kwali, wani ya karanta ya ɗauka maganin ciwon ƙoda ne, wani kuma ya ɗauka maganin maza ne.

Kun tuna maƙwabcinmu na tsohuwar unguwa, ba sai na kama suna ba. Hawan jini gare shi, yana shan ƙwayarsa lafiya lau. Wani mai talla ya sayar masa da shayin wanke ƙoda, ya ce masa ƙwayar asibiti ce ke lalata ƙoda. Ya ajiye ta. Na je har zaurensa sau biyu, wallahi, na ce Baba a koma kan magani, ya ce ai kai ma a Chaina ka yi karatu, me ya sa kake kushe kayansu? Ƙarshe sai wankin ƙoda, aka sayar da filin da ya ajiye wa yara. Har yau idan na wuce ƙofar gidan raina ɓaci yake. Kuma mai tallar nan ko harafi ɗaya na rubutun da ke jikin kwalin ba ya iya karantawa. Ko harafi ɗaya!

To, ina nake? Yauwa, abinci. Shekara huɗu na yi a Nanjin, kuma can sanyi ne mai laima, mai shiga ƙashi, ga shi ba a sa wa gidaje ɗumin gwamnati irin na su Beijin, don garin yana kudu da layin da suka shata, wanda sai arewa da shi ake ba da ɗumin. Ranar da dare ya fi tsawo, 21 ko 22 ga Disamba, suna kiranta Dongzhi. Daga ranar suke ƙirga kwana tara sau tara, kwana 81, kafin su ce sanyi ya tafi. Abin da na ga talaka yana yi ba shi da tsada: kunun shinkafa da zafinsa, farfesun rago, ruwan ɗumi a gora duk inda za shi. Farfesun ma yana da asali. Wani likita Zhang Zhongjing, wanda ya rayu wajen shekara ta 200, ya rubuta haɗin naman rago da citta da wata saiwa da suke kira danggui. Mu a shagon Hui, wata ƙabilar Musulmin Chaina, muke sha, don nan ne muka yarda da yankan. Kuma ka ji wani abu: su da kansu suna da karin magana, ci radish (wata saiwa mai kama da karas) lokacin sanyi, ci citta lokacin zafi. Wato sun san idan ka cika wa ciki nama da kayan ɗumi kana zaune a ɗaki, sai ka nemi abin da zai sassauta. Sun Simiao, babban likitan da ya rasu a 682, wanda masu bin Dao ke girmamawa ƙwarai, cewa ya yi a fara gyara da abinci, sai abinci ya kasa sannan a kawo magani.

Masu kuɗi kuma suna da wani baƙin maɗi mai kauri, gaofang, da ake haɗa wa mutum ya riƙa shan cokali ɗaya da ruwan ɗumi. Shi ma sai likita ya riƙe hannunka ya duba harshenka kafin ya rubuta naka, ba a ɗauko na wani a ba ka. Kuma ka san da me ake ɗaure shi sau da yawa? Ejiao, danƙon da ake dafawa daga fatar jaki, kuma a giyar shinkafa ake jiƙa shi. Ka ga maganar halal ta shigo. Sannan jakin wa? Namu! Ka tambayi duk mai zuwa kasuwar Maigatari yadda kuɗin jaki ya koma. Nijar sai da ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a Fabrairun 2024. Dabbar da ke ɗauko wa tsohuwa ruwa da itace a ƙauye. Wannan abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, amma bari in bar shi, ba shi ka tambaya ba.

Maganar tashi a makare kuwa, kada wani yaro a gidan nan ya ji ya ce an ba shi lasisin barin Asuba. A'a. Can a Disamba rana sai wajen ƙarfe 7 take fitowa, ƙarfe 5 ta faɗi, daren ne dogo. Abin ɗauka shi ne kwanciya da wuri. Bayan Isha a ajiye waya.

Kuma, a'a, bari in gyara, ɗazu na yi magana kamar sanyinsu da namu ɗaya ne. Hunturunmu bushewa ce da ƙura, safiya sanyi, azahar rana ta buɗe. Da za ka kai wa likitansu wannan yanayin, a layin bushewa zai sa shi, wanda su suke haɗawa da kaka da huhu, kuma abin da suke bayarwa a nan mai jiƙa maƙogwaro ne, irin su zuma da romo, tare da rage yaji. To mu da muke tsuga citta da kanumfari da masoro a shayi sau huɗu a rana, leɓe na tsagewa, hanci na haɓo, ko a ma'auninsu mun wuce gona da iri. Kunun gyaɗa da safe, miyar kuka ko kuɓewa, ruwa da yawa, man kaɗanya a ƙafa, a rufe hanci in za a hau babur.

Abu ɗaya da na ɗauko daga wajensu har yau ban bari ba, jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi kafin barci, kamar minti 15. Amma Hajiya kada a yi mata sai an taɓa ruwan da gwiwar hannu tukuna, saboda ciwon suga ƙafarta ba ta jin zafi sosai, za ta iya ƙonewa ba ta sani ba. Kuma don Allah kaskon gawayin nan a daina kwana da shi a ɗaki a rufe. Yaya, in kwalbar tana kusa da kai, ɗauki hoton bayanta inda aka jera abin da ke ciki ka turo mini, zan karanta maka da safe in Allah ya kai mu.