Amsa: Toshe tazarar fiffike a jirgin RV-7

Malam, ka tambaya ko za ka toshe duk wata tazara da ke jikin fiffiken RV-7 ɗin da kake haɗawa a gida. Ba duka ba.

Wadda ke tsakanin gindin fiffike da gangar jirgi, wannan kam rufe ta. Iskar ƙarƙashin fiffike ta fi ta sama matsi, saboda haka duk kafar da ta samu sai ta kurɗa sama, ta dagula iskar da ke ɗaga jirgin, ta rage masa gudu. Akwai robar da ake sawa a bakin fallen alminiyon da ke rufe wurin. Ka manne ta da gam irin na robar ƙofar mota, in ba haka ba iska za ta fizge ta. Ka guji silikon mai warin tsami, yana cin alminiyo.

Amma eleron, wato ƙaramin fiffiken da ke karkata jirgi hagu ko dama, a ganina ƙyale shi. Na RV samfurin Frise ne, da gangan aka bar hancinsa yana leƙowa ƙasa idan ya ɗaga. Masu jiragen da ba su da inji suna manna tef ɗin Mylar, wato wata siririyar roba, a nan, amma ƙirar tasu daban ce. Idan tef ya ɓanɓare a fiffike ɗaya, jirgi zai iya rinjaya gefe guda. Kuma ƙarin nauyi a bayan mahaɗin da eleron ke juyawa a kai yana iya jawo masa mummunar karkarwa a babban gudu.

Ka tuntuɓi kamfanin Van's, mai ƙera kayan haɗa RV-7, kafin ka taɓa tazarar eleron.